In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Aikin Kai wa Jama'a Labarin Binciken Ƙasa da Makamashi

GABATARWA

Kowace shekara, idan 'yan aji shida sun kusa fita, mukan tambaye su aikin da kowa yake so ya yi. Amsoshin ba su cika canzawa ba: likita, nas, lauya, soja, injiniya, sai ɗaya ko biyu masu tausayinmu su ce malanta. Duk ayyuka ne masu kyau. Amma a bana muna so mu gabatar muku da wani aiki wanda ba mu taɓa jin ɗalibi ya ambata ba. Shi ne aikin jami'in watsa labarai a hukumomin gwamnati masu binciken ƙasa, da duwatsu, da ruwa, da makamashi. Makamashi kuwa shi ne duk abin da ke ba mu wuta da ƙarfin aiki, kamar itace, da fetur, da gas, da lantarki, da hasken rana.

Bari mu fara da abin da muka gani da idonmu. A wani ƙauye tsakanin Ikara da Makarfi, wanda ba za mu faɗi sunansa ba, mutane sun yi karo-karo bayan sun sayar da rake da tumatir, don a haƙa musu rijiyar burtsatse. Aka ɗauko wani masani da na'urarsa. Ya yini yana kafa turakun ƙarfe a ƙasa yana jan waya. Da yamma ya nuna wani wuri can bayan gari wajen kwari, ya bar musu takarda cikin Turanci cike da zane-zane, ya hau motarsa ya tafi. Dattawa suka ce, ina dalilin kai ruwa bayan gari, mata da yara su riƙa doguwar tafiya? Suka sa aka haƙa a tsakiyar gari. Injin ya kwana biyu yana aiki, ban da farar ƙura babu abin da ya fito. Kuɗin gari ya tafi ke nan.

Laifin wa? Hujjar dattawa mai kyau ce, masani kuma ya yi aikinsa daidai. Abin da aka rasa shi ne mutum guda da zai zauna kan tabarma ya yi musu bayani da Hausa, ya ce: ƙasarmu ta Zazzau tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo sama a Kufena. Ruwa ba ya ratsa wannan dutse. Yakan taru ne kawai inda saman dutsen ya ruɓe ya zama tsakuwa, ko inda ya tsage. Ba haka take a yawancin ƙasar Sakkwato da Borno ba, inda yashi mai riƙe ruwa yake shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa a wajenmu za a haƙa rijiya biyu, tsakaninsu taku ɗari, ɗaya ta ba da ruwa, ɗaya ta ba da ƙura. Turakun nan kuwa lantarki ake aikawa cikin ƙasa ta cikinsu. Jiƙaƙƙen wuri yana barin lantarki ya wuce da sauƙi, busasshen dutse yana tare shi. Bayanin da bai fi minti goma ba, da ya ceci kuɗin gari guda.

1. SU WA KE YIN BINCIKEN?

Gwamnati tana da hukumomi da dama masu wannan bincike, wasunsu ma a kusa da mu suke.

Ta farko ita ce hukumar binciken ƙasa da duwatsu, wadda ake kira NGSA a taƙaice. Asalinta tun 1919 ne, kuma ta daɗe da hedkwatarta a Kaduna kafin ta koma Abuja. Har yanzu babban ɗakin gwaje-gwajenta yana Kaduna. Aikinta zana taswirar duwatsun ƙasar nan, da nuna inda ma'adinai suke, da lura da motsin ƙasa.

Ta biyu, cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando a Kaduna, wadda aka kafa a 1979. A nan ake horar da masu neman ruwa da masu haƙa shi.

Ta uku, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 2004 aka kunna ƙaramar tukunyar nukiliya a can, ta farko a Nijeriya. Mutane da yawa da sun ji kalmar nukiliya sai hankalinsu ya tafi wajen bom. Alhali ƙarfinta kilowat 30 ne da 'yan kai, wato kamar dutsen guga na lantarki guda 30 da 'yan kai a haɗe. Ba ta ba da wutar gida. Ana amfani da ita ne wajen gano sinadaran da ke cikin dutse, ko ƙasar gona, ko abinci, da kuma koyar da ɗalibai.

Ta huɗu, Hukumar Makamashi ta Nijeriya, wadda aka yi dokarta a 1979, ta fara aiki a 1989. Akwai kuma cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, inda aka ƙera murhu mai rage cin itace da na'urar shanya kayan gona da zafin rana. Duk wanda ya ga yadda tumatir ke ruɓewa a kwanduna a Ikara da Hunkuyi lokacin kaka ya san amfanin irin wannan na'ura.

Ta biyar, hukumar hasashen yanayi, NiMet, wadda aka kafa a 2003. Kowace shekara takan fitar da hasashen lokacin faɗuwar damina da ɗaukewarta.

Waɗannan hukumomi da kuɗin jama'a suke aiki, don haka abin da suka gano na jama'a ne. Amma ilimin da ke kulle cikin kabad a Abuja, cikin harshen da manomi ba ya ji, kamar hatsi ne a rumbun da makullinsa ya ɓace.

2. ABIN DA RASHIN LABARI YA JAWO A ZAMFARA

Kada wani ya ɗauka asarar kuɗi ce kawai. A farkon 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, kamar 'Yargalma da Dareta. Yaro zai fara amai, ya sandare, ya suma. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba sauƙi. Da aka gwada jinin yaran, sai aka tarar gubar dalma ce.

Ina dalmar ta fito? Farashin zinariya ya tashi a lokacin, mutane suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa tare da zinariyar. Suna kawo shi cikin gida, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka sha gubar, wasu ta bar su da lahanin ƙwaƙwalwa har abada. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin da bai kai Bagega ba sai 2013. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Ga abin lura. Illar dalma ba sabon ilimi ba ne. Masana sun san ta tun kafin a haifi kakanninmu. Kowane mai ilimin duwatsu kuma ya san zinariya da dalma sukan zauna a jijiyar dutse ɗaya. Iyayen nan ba ƙin yaransu suke yi ba. Talauci ya kai su haƙa, labari kuwa bai kai gare su ba sai bayan an cika maƙabarta. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, wa zai kai wa kunnen?

3. MENE NE AIKIN WANNAN JAMI'I?

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarakuna suna da mai shela. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Iyayenmu suna tuna motar majigi da ke zuwa ƙauye da dare ta nuna yadda ake noman auduga da tsabtar rijiya. Gidan rediyon Kaduna kuma tun 1962 yake shiga gidajen manoma. Jami'in da muke magana a kansa magajin waɗannan ne, sai dai kayan da yake ɗauke da su na kimiyya ne. Ga kaɗan daga ayyukansa:

(a) Yakan karanta rahoton masana mai shafi ɗari, ya mayar da shi shafi ɗaya wanda ɗan jarida da hakimi za su fahimta.

(b) Yakan shirya shirin rediyo da na talabijin, da gajerun saƙonni na Facebook da WhatsApp, cikin harsunan jama'a.

(c) Yakan je gari kafin masu bincike su iso, ya gai da hakimi da dagaci da mai unguwa, ya roƙi a yi sanarwa a masallaci da majami'a da kasuwa. A 2021, da za a yi binciken ma'adinai da jiragen sama masu tashi ƙasa-ƙasa a jihohi da dama, sai da ma'aikatar ma'adinai ta sanar da jama'a kada su firgita. Ku yi tunanin abin da za a ce a ƙauye a wannan zamani na rashin tsaro idan aka ga jirgi yana shawagi a kan daji ba bayani.

(d) Yakan amsa tambayoyin 'yan jarida da na talakawa. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati.

(e) Idan haɗari ya auku, shi ne bakin hukuma.

Fannin makamashi ma yana nemansa. A 2020 aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta, ta Kaduna, zuwa Kano. Manomin da bututu ya ratsa gonarsa yana da hakkin sanin abin da ke ciki, da abin da bai kamata a yi kusa da shi ba. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023, masu noman rani a fadamun Kudan da Makarfi suna tambaya ko injin ban ruwa mai aiki da hasken rana zai biya kuɗinsa. Tukunyar gas kuma ta shiga ɗakin girkin gidaje da yawa. A Janairun 2020 gas ya fashe a wani shago a Sabon Tasha, Kaduna, ya halaka mutane, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Mata nawa ne a gidajenmu aka taɓa gaya musu cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya idan ya zuba, don haka in an ji warinsa a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki?

4. ƘA'IDOJI BIYAR

Na ɗaya: ka gane kafin ka faɗa. Wanda bai fahimci abu ba, ba zai iya sauƙaƙa shi ba, sai dai ya haddace ya maimaita. Kada ka ji kunyar komawa wurin masani sau uku. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu: ka auna da mudun da mutane suka sani. Mai haƙar rijiya da gaba yake awo, ba da mita ba. A misali, idan masani ya ce akwai yiwuwar samun ruwa kashi 70 cikin 100, kai ka ce: in aka haƙa rijiya goma a irin wannan wuri, bakwai za su ba da ruwa, uku ba za su bayar ba. Haka kuma ka nemi sunan da abu yake da shi a bakin mutane. Ka ce dalma, ka tuna musu cewa wani kwallin da ake sa wa jarirai a ido ma yana ɗauke da ita.

Na uku: ka faɗi abin da aka sani, ka tsaya inda sani ya tsaya. A Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, ƙaramar hukumar Jaba, a nan jiharmu. Bangaye suka tsage, mutane suka kwana a waje. A 2018 aka ji irin wannan a Mpape, Abuja. A irin wannan rana akwai jarabobi biyu. Ɗaya ita ce ka ce ba komai, don a kwantar da hankali. Ɗaya kuma ka zuzuta abin. Gaskiyar ita ce motsin ƙarami ne, Nijeriya ba ta cikin yankunan manyan girgizar ƙasa, amma babu masani a duniya, ko a Japan ko a Amurka, da zai iya faɗin rana da sa'ar da ƙasa za ta motsa. Don haka duk saƙon waya da ya ce gobe da ƙarfe kaza za a yi girgiza, ƙarya ne. Jama'a suna iya ɗaukar gaskiya in an ba su ita da ladabi.

Na huɗu: kada ka hana mutum abu ba tare da ka nuna masa mafita ba. A Zamfara, cewa kawai a daina haƙa bai wadatar ba, domin da haƙar ake cin abinci. Wasu ma ɓoye mutuwar yaransu suka yi don tsoron a hana su sana'a. Saƙon da mutane suka iya karɓa shi ne: a fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutse don rage ƙura, a yi wanka a canza tufafi kafin a shiga gida, kada yaro ya je wurin aiki.

Na biyar: ka zama mai kunne biyu. Aikin ba kai saƙo kawai ba ne, har da dawo da amsa. Tsohon mai haƙar rijiya ya san inda marmara take da kauri, ya san rijiyoyin da ke ƙafewa da bazara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an saurari dattawan ƙauyen nan tun farko, da wataƙila an haƙa a kwari an jawo ruwan da bututu zuwa tanki a tsakiyar gari, kowa ya sami abin da yake so.

5. WAHALAR AIKIN

Ba za mu ɓoye muku ba, aikin yana da ƙaya. Albashin gwamnati ba ya mai da mutum attajiri. Jama'a sun sha alkawuran da ba a cika ba, don haka za ka je gari a karɓe ka da zargi kan laifin da ba kai ka yi ba. Jita-jita a waya tana gudu, gyara yana tafiya da ƙafa. Mafi wuya duka, wata rana na gaba da kai zai so a sassauta labari don kada sunan ofis ya ɓaci. A ranar ne za a san ko kai jami'in watsa labarai ne ko maroƙi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukumar da aka kama da ƙarya sau ɗaya, ranar da ta yi gargaɗin gaskiya ba wanda zai saurare ta, kuma rayuka ne za su biya. Wanda ba zai iya cewa cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan adadin ba daidai ba ne," ba, gara ya nemi wani aiki.

6. YADDA ZA KA SHIRYA

Hanya biyu ce. Ta farko, ka karanta kimiyya, kamar ilimin duwatsu, ko fizis, ko kemistiri, ko labarin ƙasa, sa'an nan ka ƙara da koyon aikin jarida. Ta biyu, ka karanta aikin jarida ko harsuna, ka riƙa bin kimiyya da naci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen ilimin duwatsu da na aikin jarida duka. Ana kuma koyar da aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da ta Nuhu Bamalli a Zariya. Bayan bautar ƙasa, mai digiri yakan shiga aikin gwamnatin tarayya a mataki na 8. Akwai kuma cibiyar masu aikin hulɗa da jama'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963, dokar 1990 ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista.

Amma shiri tun daga nan makaranta yake farawa. Ga shawarwarinmu:

(a) Kada ɗan ajin kimiyya ya raina darasin Hausa da na Turanci. Kada ɗan ajin adabi ya gudu daga lissafi da labarin ƙasa.

(b) Ku shiga ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, da ta muhawara, da ta matasan masu kimiyya.

(c) Ku riƙa sauraron labaran Hausa a rediyo, kuna lura da yadda ake fassara sababbin kalmomi.

(d) Ku riƙe harshen gida. Wanda yake jin Fulatanci, ko Kurama, ko wani harshe ban da Hausa, ya riƙe shi da kyau, jari ne.

(e) 'Yan mata, wannan aiki naku ne musamman. A Zamfara cikin gida gubar take, inda baƙon namiji ba ya shiga. Mai ɗebo ruwa da mai hura wuta sun fi sakin jiki da 'yar'uwarsu mace.

KAMMALAWA

Ya ku ɗalibai, wani lokaci kukan ji kamar tasowa a ƙauye ragi ne gare ku. A wannan aiki riba ce. Kun san yadda ake gai da dagaci, kun san ranar kasuwar Makarfi ba ranar kiran taro ba ce, kun san nauyin tulu a ka. Ga shi kuma makaranta ta ba ku Turanci da kimiyya. Mutumin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne wanda aka rasa a ƙauyen da muka ba ku labari, shi ne kuma aka rasa a 'Yargalma. Iyaye da 'yan'uwa, in yaro ya zo muku da wannan buri, kada ku ce surutu ba sana'a ba ne. Likita yana warkar da wanda ya kwanta, wannan kuwa yana hana kwanciyar. Allah ya ba mu kunnen ji da bakin faɗin gaskiya.

TAMBAYOYI DA AIKIN HUTU

1. Me ya sa rijiya biyu da ke kusa da juna a ƙasar Zazzau, ɗaya za ta ba da ruwa, ɗaya ta ƙi?

2. Ta wace hanya dalma ta shiga jikin yara a Zamfara? Kawo matakai uku na kariya.

3. Wani ya turo maka saƙo cewa gobe za a yi girgizar ƙasa a garinku. Me za ka amsa masa?

4. Rubuta sanarwar rediyo da Hausa, wadda ba ta wuce minti ɗaya ba, kan abin da za a yi in an ji warin gas a ɗakin girki.

5. A lokacin hutu, ka zaɓi darasi ɗaya na kimiyya da ka koya bana, ka bayyana wa kakarka ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Ka rubuta tambayoyin da ta yi maka, da wuraren da ka kasa amsawa, ka kawo wa malamin ajinku a makon farko na sabon zango.